Abba Yana Cikin Waya

"Ka ce masa me?"

Malama ce ta jefo min tambayar, tana durƙushe tana ɗaure wa Auta igiyar takalmi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na ce zan yi tunani."

"Tunani..."

"Ya ba ni zuwa ƙarfe biyar na yamma."

"Wata nawa ne wannan karon?"

"Sha takwas."

Ta gama da ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar.

Malama matata ce. A firamare take koyarwa, tun ina zuwa zance wurinta nake kiranta haka, sunan ya biyo ta har ɗakin aure. Ni kuwa walda nake yi. Wani kamfanin shimfiɗa bututu nake bi, duk dajin da aiki ya kai su, can nake. Kwanana huɗu da dawowa gida bayan shekara biyu da rabi, sai ga kiran Injiniya, shugabanmu a wurin aiki, da sassafe. Sabon aiki ya faɗo, ranar Litinin za a tashi.

"Abban Gimbiya," in ji ta, muryarta a kwance kamar tana kiran sunayen 'yan aji. "Ba zan riƙe maka riga ba, ban taɓa riƙewa ba. Amma in har Litinin za ka tafi, ka sauwaƙe min kafin ka fita. In koma gidanmu, in san matsayina."

"Haba Malama..."

"Babu haba. Yayana ya ce ka zo shagonsa, ga injin walda guda a ajiye ƙura na cin sa. Ba yunwa ke korar ka ba. Ƙafarka ce ba ta son ƙasa."

Gaskiya ta faɗa. Tun ranar da na bar jakata a aji biyu na sakandare na yi gaba, ban taɓa zama wuri ɗaya da son raina ba. Idan na yi kwana goma a ɗaki sai in ji bango yana matso ni.

Gimbiya ta faɗo ɗakin da gudu. Ita ce babbarmu, shekararta bakwai, haƙoranta biyu na gaba sun fita.

"Abba, rana tana yi fa. Ka ce in aka yi hutu ka dawo za ka kai mu babban kanti. An yi hutu, ka dawo."

"Na faɗa, 'yar gidana."

"To me ake jira?"

"Tambayi Mamanki."

"Babu abin da ake jira," in ji Malama. Ta miƙe ta ɗauki jakarta.

Na miƙa wa Auta hannu. Ya dubi hannun, ya dubi tabon ƙunar da ke bayansa, ya zagaya ya ɓuya a bayan zanen uwarsa. Shekararsa uku. Yana rarrafe na tafi. Tunda na dawo haka muke da shi, in na shigo falo ya fita, in na fita ya shigo.

"Zai saba," in ji Malama. Ta ƙara da cewa, "In an ba shi lokaci."

Motar yayan Malama na aro. Gimbiya ce kaɗai ta yi magana a hanya, tana lissafa mana abubuwan da ƙawarta ta gani a kantin, da waɗanda ƙawar ta yi ƙarya ta ce ta gani.

Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, sanyin na'ura ya dake mu. Ko'ina iyaye ne da yara, hutu ya koro kowa daga gida. Ƙamshin turare ya haɗu da na gugguru. Wani uba ya wuce yana tura keken sayayya, 'ya'yansa biyu a ciki, na ukun yana maƙale a gefe yana kuka a sa shi.

Ni dai ƙarfen dogarawa na tsaya ina shafawa. Wanda ya haɗa shi ya iya hannu, ba ka ganin inda waldar ta fara balle inda ta ƙare.

"Kanti muka zo ko duba aiki?" in ji Malama.

"Ido ne ya saba."

"Abba, takalmi mai wuta nake so," in ji Gimbiya. "Wanda in ka taka yake ƙyalli."

"Ki bari in haɗa miki na ƙarfe, ya fi ƙarko. Har jikokinki za su sa."

"Mama kin ji shi ko?"

Malama ta kusa yin murmushi, sai ta tuna muna faɗa.

Mun zagaya ƙasa, mun hau sama. An sayi littafin zane, an sayi ƙaramar motar roba ja da Auta ya rungume ya ƙi saki har wurin biya. Da na ce ya kawo in riƙe masa, sai ya miƙa wa Gimbiya.

A hawa na biyu wurin wasan yara yake. An kewaye shi da raga, a ciki akwai rami cike da ƙwallaye masu launi, da abin zamiya, da katifar tsalle. Ƙofa ɗaya ce, wata budurwa mai rigar ma'aikata tana zaune a bakinta da almakashi rataye a wuya.

Dokar wurin a fili take. Duk yaron da zai shiga, za a ɗaura masa takarda mai lamba a hannu, a ɗaura irinta a hannun wanda ya kawo shi. Da an zo fita sai a haɗa lambobin, in sun yi daidai a yanke takardun a ba ka ɗanka. Lokacin da ake wannan bayanin ina can gaban wani shagon kayan aiki ina leƙen injin huda ƙarfe. Kafin in dawo an ɗaura wa Auta tasa, an ɗaura wa Malama tata, har ya nutse cikin ƙwallaye.

"Zan kai Gimbiya ta gwada takalmin nan kafin ta cinye min kunne," in ji Malama. Ta saƙala min jakarta a kafaɗa. "Riƙe min, ta yi nauyi. Ka zauna nan ka sa masa ido. Zama kawai, minti ashirin. Za ka iya?"

"Malama ke nan."

"Tambaya na yi."

"Zan iya."

Suka tafi. Daga ni har ita babu wanda ya tuna da takardar da ke hannunta. Ita ta saba, kullum ita ke kai yara ita ke ɗauko su. Ni kuma ban taɓa ɗauko yaro daga ko'ina ba.

Na zauna a benci cikin iyaye. Na duba agogo, huɗu saura kwata. Na miƙe, na je bakin raga, na dawo. Na sake zama. Ina tunanin sabon wurin da Injiniya ya ce, wai akwai kogi da za a ratsa da bututu, aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya.

Ina cikin haka na ji ƙarar Auta.

Wani ƙaton yaro ne ya zamo daga sama ya same shi a ƙasan abin zamiya. Bakinsa ya bugu da gefen roba. Budurwar ta riga ni isa, ta ɗauko shi ta kawo shi bakin ƙofa ta ciki. Leɓensa na ƙasa ya fashe, jini kaɗan ne, amma kukan ya cika wurin.

"Miƙo shi," na ce.

"Ina takardar hannunka, Yaya?"

"Tana hannun mamansa."

"To sai ta zo."

"Ni ne babansa."

Ta dube ni, ta dubi jakar mata da ke kafaɗata. Ba ta yi min rashin kunya ba. Durƙusawa ta yi, ta share wa Auta baki da tishu.

"Yi shiru ɗan ƙanena, yi shiru. Kalli nan... wannan Abbanka ne?"

Auta ya dube ni ta cikin hawaye. Ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne? To ina Abba?"

"Yana cikin waya."

Wata mata mai jiki da ke zaune a bencin da na tashi ta jawo 'yarta jikinta.

"Haka suke yi," ta ce da ta kusa da ita, da muryar da kowa zai ji. "Tsaf-tsaf da su, ka rantse mutanen kirki ne."

"Hajiya, ɗana ne."

"Ni na ce da kai wani abu?"

Mai gadi ya iso, wani dattijo mai furfura a gemu, yana tafiya a hankali kamar wanda ya ga irin wannan sau ɗari.

"Malam, ɗan ja baya daga ƙofar. Kira uwar yaron, magana ta ƙare."

Na zaro wayata na kira Malama. Jakar da ke kafaɗata ta fara ruri.

"Kun ji ko?" in ji matar. "Har wayar baiwar Allah ya haɗa da ita."

Wasu suka yi dariya. Mai gadi bai yi ba. Ya tambaye ni wane shagon takalmi suka shiga, na ce ban sani ba. Ya ce shagunan takalmi shida ne a ginin. Ya tambaye ni shekarun yaron, na faɗa. Ya tambaye ni ranar haihuwarsa, na faɗi watan, na tsaya ina laluben ranar.

Auta kuwa kuka yake har yana shiɗewa, yana kiran Mama. Taku biyu ne tsakanina da shi. Duk lokacin da na matso sai ya ƙara ƙanƙame budurwar.

Shekara biyu da rabi, kullum da rana idan aka tashi cin abinci a wurin aiki, nakan samu inuwar mota in kira gida ta bidiyo, da hular kwano a kaina. A nan Auta ya koyi tsayuwa, ya koyi tafiya, ya koyi cewa Abba. A waya na iya hira da shi. A fili ko inda zan sa hannuwana ban sani ba.

Na buɗe jakar na ciro wayar Malama, na miƙa wa budurwar.

"Ƙanwata, zan kira wannan. Ki ɗauka ki ba shi."

Na koma bayan wani ginshiƙi inda ba zai hango ni ba, na ɗaga wayata daidai fuska, na kira.

Fuskarsa ta fito, jage-jage da hawaye da majina.

"Waye jarumin Abba?" na ce, yadda na saba.

Kukan ya tsaya kamar an kashe famfo.

"Ni ne..." Ya ja hanci. "Abba, ina hularka?"

"Na ajiye ta, yau babu aiki. Me ya samu jarumina?"

Ya turo leɓen har ya taɓa gilashin wayar.

"Ka ga, jini. Wani yaro ne."

"Na gani. Kai, wannan ai ciwon manya ne. Ka yi kuka?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ba laifi."

Ya rage murya, ya matso da bakinsa.

"Abba... wani mutum yana so ya ɗauke ni."

"Wane mutum?"

"Wanda yake kwana a ɗakin Mama. Ya shanye min shayi jiya."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya, har matar nan. Na ga budurwar ta leƙa wayar, ta ɗago ta leƙo bayan ginshiƙi, ta sake duban wayar. Ta sa bayan hannu ta goge ido.

"Na yarda, Yaya," ta ce da ni daga inda take. "Wallahi na yarda. Amma in ba takarda ba zan iya buɗewa ba, aikina ne."

"Ki yi aikinki."

Da na juya, Malama tana tsaye a bayana. Ban san tun yaushe ba. Gimbiya na gefenta, sabon takalminta yana ƙyalli ja da shuɗi duk da ba ta motsi sosai. Malama ta wuce ta miƙa hannunta, aka haɗa lambobi, almakashi ya yi aikinsa. Auta ya faɗa jikinta da wayar a hannu.

"Mama, Abba ya ce ciwon manya ne."

"Haka ne, ɗan albarka."

Mai gadi ya dafa kafaɗata.

"Ka yi haƙuri, Malam. Tafiya kake yi?"

"Eh, Baba."

"Ta nuna," ya ce, ya koma bakin aikinsa.

Muka samu tebur a wurin cin abinci. Na sayo askirim, aka ce sanyin zai taimaki leɓen. Gimbiya ta sha nata tana buga ƙafa a ƙasa don takalmin ya yi wuta. Auta ya zauna a cinyar uwarsa, can nesa da ni, yana tura jar motarsa a kan tebur.

Malama ba ta taɓa nata ba. Ya narke ya fara gangarowa a yatsunta.

"Ni na koya masa," ta ce.

"Me?"

"Duk sanda ya ga yaran maƙwabta da ubansu ya tambaye ni ina nasa, sai in ɗaga waya in ce ga shi nan a ciki. Don kar ya ji ba shi da uba na yi. Ban san zai..."

Ta kasa ƙarasawa. Hawaye suka zubo, ba ta share ba, ba ta kuma yi sauti ba saboda yara.

"Ba laifinki ba ne, Malamata."

"Kar ka Malamata ni yanzu. Ka san me ya fi ci min rai? Ni ma na fi sanin na cikin wayar. Shi yana tambayata yadda na kwana. Yana ce min hasken idona, yana ce min ya ƙosa ya gan ni. Wannan da ya dawo kuwa, kwana huɗu yana leƙen taga."

Na jawo tishu na goge mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta janye hannun ba.

"Ina son ka, Abban Gimbiya, kai ma ka sani. Da ba na son ka da sai in ce ka tafi, ai zaman ya fi min sauƙi. Na gaji da auren gilashi ne."

Biyar saura minti goma wayata ta yi ƙara. Injiniya ne. Malama ta dubi sunan, ta kawar da kai wajen masu wucewa.

Na ɗauka.

"Mai walda, ya aka yi? In sa sunanka?"

"Ranka ya daɗe, a sa wani."

"Me ka ce?"

"Ba zan samu zuwa ba."

Ya yi dariya sosai, har Malama tana jiyowa.

"Kai ɗin? Sati biyu na ba ka. Za ka kira ni da kanka kana roƙo, na san ka kamar tafin hannuna."

"Wataƙila in kira. In na kira kar ka ɗauka."

Na kashe. Ban ji wani daɗi ya rufe ni ba. Kogin nan da ban gani ba ya tsaya min a rai, na kuma san zai daɗe a wurin.

"Ya san ka," in ji Malama.

"Ya san ni."

"Ni ma na san ka."

"To?"

"To ranar da bangon ya fara matso ka, ka faɗa min. Kar ka tsaya leƙen taga. Ka ce Malama, ya fara. Sai mu kwashi yaran mu fita, ko zagaye ne mu yi mu dawo."

"Kullum?"

"In ta kama kullum."

Ta ɗauki cokali ta fara shan abin da ya rage na askirim ɗin.

Da muka tashi tafiya Auta ya yi barci. Malama na da jakarta da ledoji uku, Gimbiya ta ce ita takalminta kawai za ta iya ɗauka. Malama ta dube ni, ta dubi yaron, ta ɗago shi a hankali ta ɗora min a kafaɗa.

Ya fi yadda nake zato nauyi. Kansa ya kwanta a wuyana, yana warin madara da gumi. Na bi bayansu ina taka ƙasa a hankali, ban taɓa tafiya a hankali haka ba.

A wurin ajiye motoci iska mai zafi ta tashe shi. Ya ɗago, ya ga fuskar da ke kusa da tasa. Na ji jikinsa ya ƙage. Ya waiga ya ga uwarsa tana nan taku ɗaya, sai ya ɗan saki. Ya daɗe yana kallona.

"Kai ma ka san Abba?"

"Na san shi."

"A ina?"

"Tare muke aiki."

Ya ɗan juya maganar a ransa. Malama ta tsaya da mukullin mota a hannu, ba ta buɗe ba.

"In ka gan shi," in ji Auta, "ka ce masa ya fito."

"Zan faɗa masa."

"Yau?"

"Yau ɗin nan."

Ya mayar da kansa wuyana, ya kama kwalar rigata da hannu ɗaya. Malama ta buɗe ƙofar baya ta tsaya tana jira in sa shi a kujera. Na ce mata ta ɗan ba ni minti ɗaya tukuna.